Baffa Ya Aike Ni Binciken Mai Neman Madina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, masu haƙuri da waɗanda haƙurinsu ya ƙare. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa da ita ce Madina, da tuni ta watsa mini ruwan wanke-wanke. Na gode, Hajiya. Wani kuma ya tambaya wai ni namiji ne kuwa. Shi ma na gode masa. Tsohuwar matata ta taɓa yin tambaya mai kama da wannan, sai dai ita ta fi shi iya tsara magana.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Mahfuz, shekarata arba'in da bakwai, ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Bauchi. Ina da babur ɗaya, rabin sanƙo, da tumbin da ban san ranar da ya tare ba. Madina kuwa matar aminina ce, marigayi Umar, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce ya bar ta da 'yan mata biyu. Bayan takaba ta koma gidan baffanta a Ƙofar Dumi, a nan take ɗinki. Ina son ta. Ku kun sani, babur ɗina ya sani, ita kaɗai ce ban gaya wa ba.

Abin da nake gaya mata daban ne. In na kai yaran asibiti ta yi godiya, sai in ce, "Haba Maman Zubaida, ai wajibi ne." In na ɗauki kan keken ɗinkinta na kai gyara, "Ai nauyi ne a kaina." In na kawo mangwaro a leda, wanda sai da na zagaya kasuwa sau biyu ina matsawa ina shinshinawa, "Amanar Umar ce." Allah ya jiƙan Umar, ko sau ɗaya bai bar wasiyyar mangwaro ba.

To, ranar Asabar da ta wuce Baffa Ladan ya kira ni a waya. Ƙanin mahaifinta ne, shi ne waliyyinta. Baduku ne, ya haura shekara hamsin yana ɗinka gafaka da takalma a zaurensa. Ya ce in zo da hantsi, akwai magana a kan Madina.

Jama'a, ban ɓoye muku komai ba tun farko, ba zan fara yau ba. Na yi wanka sau biyu. Na ciro shaddata ruwan toka wadda ba ta fita sai ɗaurin aure, na karya hula, na fesa turaren da nake yi wa tattali tun ƙaramar Sallah. A raina na ce shi ke nan, tsoho ya lura, zai ɗauke mini wahalar buɗe baki.

Na same shi a kan buzu, basilla a hannu, zauren duk warin jima.

"Mahfuzu, zauna. Kai ɗan gida ne, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Madina ta daɗe a zaune."

"Gaskiya ne, Baffa."

"Mace da sauran ƙuruciyarta ba a barin ta haka."

"Wannan haka yake, Baffa." Na gyara zaman hula.

"Na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda na amince da shi kamar kai ba."

Na sunkuyar da kai irin na kunya. Har na fara jera kalmomin godiya a zuciya, ina zaɓen wadda zan fara da ita.

"Shi ya sa kai za ka yi mana bincike. Wani Alhaji Abdulsalam ne, a GRA yake zaune, tsohon darakta, matarsa ta rasu bara waccan. Ya aiko yana neman ta. Na tambaye ta, ta ce duk abin da bincike ya nuna. Ka bi mini sawunsa, masallacinsu, maƙwabta, dangin matar, duk inda ka san ana bi. Ran Juma'a bayan la'asar danginsa za su zo jin amsa. In ka ce mutumin kirki ne, na ba shi. In ka ce da matsala, magana ta mutu a zauren nan, ba zan ma tambaye ka dalili ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan shaƙi iska.

"Ina za ka ne haka, ka ci ado?"

"Ta'aziyya, Baffa."

"Allah ya jiƙan Musulmi. To ka amsa?"

Na ce, "To."

Kalma ɗaya, harafi biyu. Shekara ashirin ina koya wa yara yadda ake rubuta dogon bayani, ran da na buƙaci jimla ɗaya sai wannan ce ta fito.

Ban kai bakin titi ba waya ta yi ƙara a aljihu. Madina ce.

"Malam, Baffa ya ce ya ba ka aiki."

Na jingine babur jikin katanga. Na rubuta layi huɗu, na goge. Na rubuta biyu, na goge. Wanda na tura shi ne: "E, wajibi ne. Zan yi iya ƙoƙarina."

Ta ɗauki minti uku tana rubutu, ina kallon alamar tana tashi tana kwanciya. Da saƙon ya iso, babban yatsa ne guda ɗaya. Maza 'yan'uwana, mace in ta yi minti uku tana rubutu ta turo muku babban yatsa, ku nemi wuri ku zauna.

Ranar Litinin, kamar da gangan, darasin 'yan aji biyar ya faɗo a kan kalmomi uku da ke kayar da yara a jarrabawa: duty, obligation, responsibility. Yara gani suke duk abu ɗaya ne, ni kuwa ido rufe nake rarrabe su. Ta farko ita ce abin da matsayinka ya ɗora maka, an roƙe ka ko ba a roƙe ka ba, kamar na ɗa ga uwarsa. Ta biyu abin da ka ɗaure kanka da shi, da alkawari ko da sa hannu. Kai ka ce to, yanzu to ɗin ta riƙe maka wuya. Ta uku kuwa abin da in ya lalace kai za a nuna da yatsa.

Da na koma ɗakin malamai sai na kama kaina ina cike misalai a bayan littafin tsara darasi. Gaya wa Baffa gaskiya, ta farko ce, shi ya koya mini alwala. Binciken kansa ta biyu ce, ba wanda ya shaƙe ni na amsa. 'Ya'yan Umar in suka faɗa gidan da ba za a riƙe su ba, ta uku ce. Komai ya samu gurbinsa tsaf. Na duba sama na duba ƙasa, ni kaɗai ne ba a yi wa layi ba.

Madam Felicia, malamar lissafi, 'yar Bogoro, ta leƙo ta kafaɗata tana cin gyaɗa. Teburinta na kusa da nawa shekara tara, ta san zancen Madina tun kafin ni in yarda na sani. Hausarta ba ruwanta da mace da namiji, kowa "shi" ne, amma ba ta taɓa kuskuren inda za ta soka ba.

"Malam Turanci, wannan darasi ne ko wasiyya?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta.

"Wato kai za ka je ka duba wa matarka miji."

"Madam, ba matata ba ce."

"Laifin wa? Madina ya san kana son shi?"

"Ban ga lokacin da ya dace ba tukuna."

"Shekara uku lokaci bai zo ba, sai mai mota ya zo." Ta karkaɗe hannu. "To in laifin Alhaji kake nema, bar liman, bar maƙwabta. Babban mutum direbansa ake tambaya. Akwai Baba Andrawus a cocinmu, shi ya tuƙa shi shekara goma sha takwas. Yana Tirwun yanzu, yana noma."

Na ce mata ni ba laifi nake nema ba, gaskiya nake nema. Ta ce to Allah ya ba ni gaskiyar da nake so.

Na fara da inda aka saba farawa. A GRA ko babur ɗina sai da ya rage murya, don unguwa ce da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Limamin masallacinsu ya ce Alhaji ba ya wuce sahun farko. Maƙwabcinsa ya ce shekara goma sha biyu bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na je wurin yayan marigayiya matarsa, ina cewa a raina ai suruki ba ya rasa abin faɗa. Mutumin ya cire tabarau ya fara share ido. Wai shekara huɗu tana kwance, Alhaji da hannunsa yake ba ta abinci, shi yake juya ta, bai yarda an ɗauko mai jinya ba. Na fito daga gidan ina jin haushin mamaciya da mai jinyarta gaba ɗaya, Allah ya yafe mini.

Zuwa Laraba da yamma, duk abin da na tara a shafin aibi shi ne ba ya cin yaji, kuma yana jan magana.

Ran Alhamis na tashi daga makaranta na nufi Tirwun. An kwana ana ruwa, hanyar ta zama kunu. Sababbin gidajen bulo sun tsiro a tsakiyar masara kamar su ma shuka su aka yi. Na sami Baba Andrawus ƙarƙashin dalbejiya yana sa wa fartanya ƙota, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Na ce Madam Felicia ce ta turo ni. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa.

"Baba, ni ba yabo na zo ji ba, yabo na ƙoshi. Shekara goma sha takwas kana tuƙa mutum, ba ka taɓa ganin ya tsaya inda bai kamata ba?"

Ya daɗe yana duban inda yake zaton fuskata take.

"Aure ne, ko?"

"Aure ne."

"To akwai abu ɗaya. Amma Malam, in ya fita daga bakinka da sunana, ka cuce ni."

Kada ku damu, sunansa da na Alhaji da kuke gani a nan duk na aro ne. Na jawo kujera.

"Ba goma sha takwas na tuƙa shi ba. Sha shida ne. Yanar ido ce ta fara rufe mini gani, wata rana na kusa zuba mu a gada a hanyar Dass. Doka ta ce a kai ni wurin likita a sallame ni, ga shi saura shekara biyu in kai fansho. Sai Oga ya ce, Andrawus, koma wancan gefe. Daga ranar shi yake tuƙi. In mun kusa ofis sai mu tsaya bayan wani gidan mai, mu canja kujera, ni in lallaɓa in shigar da mota ƙofa. In fito in zagaya in buɗe masa, in sara masa, shi da ya tuƙo ni tun daga gida." Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. "Shekara biyu, Malam. Ko matarsa ba ta sani ba. Tuƙin ma bai iya sosai ba, ni nake ce masa, Oga, taka birki."

Na yi godiya na hau babur. Kuma tunda na yi alkawarin gaskiya, ga ta: ban fita daga Tirwun ba sai da na gama gina jimlar. "Baffa, na samu tabbacin ya yi shekara biyu yana ha'intar ofishinsu." Ku duba ta da kyau, babu harafin ƙarya a cikinta. Direban da ba ya gani, a takardar hukuma, da sanin shugabansa. Baffa kuma ya ce ba zai tambayi dalili ba. Na yi ta maimaita ta a hanya, ina gyara inda murya za ta sauka, har tayar baya ta zame na tsinci kaina zaune a cikin taɓo, masara na kallona.

Ina wanke wando a gida saƙonta ya shigo.

"Malam, ya aiki? An samo wani abu?"

"Ana kan bincike, Maman Zubaida."

"Ka duba da kyau. Ka duba ko'ina, har kusa."

Na karanta na gyaɗa kai, na ce kai, yarinyar nan akwai natsuwa, so take a yi aiki da kyau. Na mayar mata: "In sha Allahu ba zan yi sakaci ba." Kada wanda ya rubuto mini komai a kan wannan, na riga na gaya wa kaina.

Ran Juma'a na yi ta jan ƙafa har aka kira la'asar. Na bi Baffa salla a masallacin unguwa, muka dawo zaure. An share shi, an shimfiɗa sabuwar darduma saboda baƙi. Ya zauna a buzunsa, ya ajiye basilla a gefe, abin da ban taɓa ganin ya yi don maganar kowa ba, ya ɗora hannuwansa biyu a gwiwa.

"To Mahfuzu, ina jin ka."

Jimlar tana kan harshena, a goge, a shirye. Na dubi hannuwan nan da jima ta rine, na tuna wani tsoho yana sara wa mutumin da ya tuƙo shi.

"Baffa, na nemi aibinsa fiye da yadda ka sa ni. Abu ɗaya na samu, shi ma da na juya shi sai na ga alheri ne. Mutumin kirki ne. Yaran za su samu uba."

"Alhamdu lillahi. Na san ba za ka ha'ince ni ba." Ya shafa gemu. "Saura abu guda. Ta ce mai bincike ya shiga ya gaya mata da bakinsa. Ita ce ma ta ce a ba ka aikin, ni liman na so in tura."

Na yi sallama na shiga. Tana ƙarƙashin rumfa a kan keke, cikin doguwar rigar atamfa kore mai zanen ganye, mayafi ruwan ƙasa, tef na awo rataye a wuya. Yaran sun tafi gidan kakarsu. Matar Baffa na bakin ɗaki tana tsince shinkafa, ta yi fuskar wadda ba ta ji ba ta gani.

"Sannu da aiki, Maman Zubaida."

"Sannu da bincike, Malam." Keken bai tsaya ba.

Na tsaya kamar mai karanta rahoto a taron iyaye. Sahun farko. Shekara goma sha biyu ba hayaniya. Jinyar shekara huɗu.

"Na sani," ta ce. "Ƙanwarsa ɗinki take kawo mini. Duk wannan na san shi tun kafin a tura ka."

"To me ya sa aka..."

"Kwana shida na ba ka, Malam. Baffa ya ce maka kalma ɗaya ta isa, ba zai tambayi dalili ba. Ni na roƙe shi ya faɗi haka."

"Ai ba zan yi wa bawan Allah ƙage ba."

Ta ɗauke ƙafa daga keke. Tsakar gidan ya yi tsit, har ina jin shinkafa na zuba a tire.

"Wa ya ce ka yi masa ƙage? Ka je GRA, ka je Tirwun, an ce har faɗuwa ka yi a taɓo. Duk garin nan ka zagaya neman abin da zai hana auren nan, ba ka taɓa tunanin ka tsaya a gaban Baffa ka ce kai ne abin ba?"

"Maman Zubaida, a matsayina na aminin marigayi..."

"Umar ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na yi masa takaba wata huɗu da kwana goma, na fita. Kai ne har yau ba ka fita ba."

Matar Baffa ta yi tari. Shinkafa ba ta sa tari, na sani.

"Kullum wajibi, kullum nauyi, kullum amana. Ni ba buhu ba ce, Malam. In nauyi ne, ga wanda ya zo zai sauke maka, sai ka yi godiya ka huta."

"Kada ki aure shi."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Ta ɗago ta dube ni sosai.

"Dalili?"

"Ba shi da aibi ko ɗaya. Ni kuwa in aka bincike ni, kafin azahar an gama."

"Wannan ba dalili ba ne."

"Ina son ki." Muryar da ta fito irin ta ɗan aji ɗaya ce da aka kama bai yi aikin gida ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata huɗu."

"Ikon Allah. Har da lissafi." Ta kau da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ban sani ba dariya ce ko wani abu. Da ta juyo, fuskar ba wasa. "Ni ba ni ke ba da aure ba, ka san inda mai bayarwa yake zaune. Amma ka ji da kyau. In ka ratsa zauren nan ka fita ba ka buɗe baki ba, Alhaji zan aura, kuma zan zauna da shi da zuciya ɗaya, don mutumin kirki ne. Kai ka faɗa."

Daga rumfar zuwa zaure taku goma sha biyu ne. Na yi su kamar mai tafiya Maiduguri a ƙasa. Tun kafin in kai na ji ƙamshin turaren da ya fi nawa tsada, na ji muryoyin da ba na gidan ba. Na ɗaga labule. Dattijai uku cikin manyan riguna a kan sabuwar darduma, ga ƙwaryar goro a tsakiya an rufe da farin ƙyalle.

"Yawwa, ga ma shi nan," in ji Baffa. "Malam Mahfuz ke nan, shi ya yi mana binciken. Mahfuzu, maimaita wa baƙi abin da ka gaya mini, su ji da kunnensu."

Su ukun suka juyo suna murmushi. Babbansu har ya miƙo mini hannu biyu. A bayana keken bai sake motsi ba.

Na gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa a gefen darduma.

"Baffa, duk abin da na faɗa a kan Alhaji gaskiya ne, ban janye ko kalma ba. Sai dai akwai wani mai neman, kuma shi ba a bincike shi ba tukuna."

Murmushin dattijan ya tsaya a inda yake. Baffa ya dube su, ya dube ni, ya matso da kunnensa mai ji.

"Wani kuma? Wane ne shi?"

Na share gumi da hannun riga, na ɗaga yatsa a hankali, kamar ɗalibin da bai tabbatar da amsarsa ba.